Tukunyar Goggo Hindu

Salama gare ku masu bin labarina, har da ke baiwar Allah da kullum kike turo mini saƙo wai na cika jan rai. Ki yi haƙuri, mai irin ciwona ba ta gudu. Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Amatullah, a gida Amatu, 'yar mahauci ce ni a unguwar Hausawa ta Garwa. Bazawara ce ni mai 'ya ɗaya, kuma a lokacin da nake ba ku labari saura ƙiris a kawo akwatunan aurena da Lukmanu, mutumin da na fara so tun ban san sunan abin ba. Yau zan gaya muku yadda na ɗauki auren nan da hannuna na kai shi bakin wuta.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan su Lukmanu. Muna yara, in ranar Garwa ta take har kwalta ta yi laushi, shi ne yake jan zugarmu zuwa bakin kogin Binuwai kallon dorina. Ni ce ƙarama, ni ce sarauniyar kuka. In dorina ta buɗe baki kowa ya watse, sai ya tsaya ya ce, "Amatu, hamma kawai take yi, ita ma barci take ji." Mu dawo da ƙafa fari fat, a zane mu, gobe mu koma. Kai, Allah ya jiƙan yarinta.

Da ya girma sai ya bi fataucin shanu ya tafi Kuseri, ya yi shiru ko gaisuwa babu. Ni kuwa na gaji da jira na auri direban motar auduga, mutumin kirki wallahi, Allah ya kai haske kabarinsa. Ina da tsohon ciki motarsa ta faɗi a hanyar Tuboro. A gidanmu na yi takaba, a gidanmu na haifi Nana.

To a nan Goggo Hindu ta shigo, mahaifiyar Lukmanu. Ita ce mai wankan jego ta unguwarmu. Duk macen da ta haihu, in ba Goggo Hindu ce ta yi mata wanka ba, sai ka ji tsofaffi suna taɓe baki wai jikinta bai gasu ba. Tana da wata baƙar tukunya wadda sai mata biyu sun kama ake ɗora ta a murhu. Ranar da na haihu, ita da kanta ta sa aka tsallako da tukunyar zuwa gidanmu. Ta ce wa Dada, mahaifiyata, "Yarinyar nan ta rasa miji, ba za ta rasa wanka ba. Ni zan gasa ta da hannuna."

'Yan uwa mata, kada ku ce na haukace, amma har yau ina kewar kwanakin nan. Safe da yamma hayaƙi yana tashi, ƙamshin ganyen darbejiya ya cika gida. Goggo ta ɗaura zane a ƙirji, ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa ta fyaɗa mini a baya, ni ina ihu ita tana dariya.

"Wayyo Goggo, zan mutu!"

"Mutu mana, in ga wanda zai shayar da wannan mai bakin tsotson. Juyo nan!"

In an gama ta naɗe ni da zannuwa, ta kwantar da ni a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, ta miƙo mini ƙwarya cike da kunun kanwa. Baba kuwa kullum sai ya taho da ƙauri daga mayanka, a dafa shi luguf da yajin jego. Goggo ta zauna a bakin gadon tana taje mini kai tana ba ni labarin matan da ta wanke tun kafin a haife ni. Ban taɓa jin ana sona kamar lokacin ba.

Sai ƙafafuna suka fara kumbura. In na danna da yatsa, ramin ya zauna. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai na huta. In na kwanta a miƙe kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji, sai dai in jingina da bango. Goggo ta duba ta girgiza kai.

"Sanyi ne ya shige ta. Ɗanyen jiki ga baƙin ciki, dole. A ƙara itace, a ƙara kanwa."

Aka ƙara. Kumburin ya hau har ciki, aka sake ƙarawa. Babu wanda ya yi don mugunta, kowa iyakar abin da ya sani ke nan. Wata rana da hantsi ina shanya kayan Nana sai na ga igiya ta zama biyu. Ban farka ba sai a lopital, wato asibiti, da robar iska a hancina, Baba yana tsaye a kaina da rigarsa ta mayanka duk jini, ko canzawa bai tsaya yi ba.

Likitar mace ce, Dokta Diane, 'yar siririya mai saurin magana. Ta ce za a yi mini eko, wato hoton zuciya. Ta shafa mini wani abu mai sanyi a ƙirji, ta ɗora na'ura, ta juyo da allon ta kira Baba. Ta fara bayani da Faransanci ina fassara masa da ɗan abin da na samu a lekol, wato makarantar boko, sai Baba ya ɗaga mata hannu. Ya matsa kusa da allon ya ƙura ido. Mutumin da ya shekara da shekaru yana fiɗa, ya san zuciya mai kyau tun daga nesa.

"Ta buɗe," ya ce a hankali. "Ta yi girma, ta saki. Madam, wannan ba ta matsawa."

"Haka ne, Baba," in ji ta da 'yar Hausarta. "Ba ta matsawa."

Ya fita waje, na hango shi ta taga ya dafa bishiya ya sunkuyar da kai.

Dokta Diane ta ce ciwo ne da yake kama wasu mata bayan haihuwa, kuma ko su likitoci ba su gama sanin mafarinsa ba. Amma kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ga zafin wanka ga zafin gado, duk nauyi ne a kan zuciyar da ta riga ta gaji. Ta ce wasu zuciyarsu tana komawa daidai, wasu tana tsayawa a rabin hanya, wasu kuma ba sa fita daga ɗakin nan da ƙafarsu. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Kada ki sake ɗaukar ciki sai na gani da idona cewa ta warke."

Ɗakin da aka kwantar da ni duk masu zuciya ne. Akwai wata tsohuwa mai hawan jini, ta samu sauƙi aka sallame ta tana yi mana addu'a. Akwai wata budurwa daga Yagwa da aka ce ƙofar zuciyarta ce ta lalace tun tana ƙarama, aka tura ta kudu neman aiki, ban sake jin labarinta ba. Sai Denise, maƙwabciyar gadona, manomiya daga kan dutse mai kawo gyaɗa kasuwa. Hausarta ta kasuwa ce, kowa "kai" ne a wurinta. Ita ce take sa mu dariya har nas ta leƙo.

"Amatu, kai ci abinci. Babu gishiri, babu daɗi, amma kai ci. Miji ba ya son ƙashi."

Ciwonmu ɗaya da ita, amma nata zuwa na biyu ne. Ta taɓa kwanciya bayan wata haihuwar, ta ji sauƙi, aka hana ta ciki. Dangin miji suka matsa sai an samu namiji, ta samu kuwa. Wata safiya muna jiran shayi ta ce in miƙo mata ɗankwalinta da ya faɗi. Kafin in sauko daga gado numfashinta ya sarƙe. Aka ja labule. Da aka buɗe, gadon ne kawai da ledar katifa. Na yi kukan Denise kamar cikinmu ɗaya.

Da aka sallame ni, tun a mota Dada ta yanke hukunci. "In an tambaya, sanyi ne da ƙarancin jini. Wanda ya ce zuciya ban yafe ba. Wa zai auri mai ciwon zuciya? Kuma Hindu ta yi mana halacci, ba za mu zubar mata da suna ba." Haka aka yi. Goggo Hindu ta zo sannu har da hawaye, tana cewa da ba ta ƙara kanwar nan ba da sanyin ya tafi da ni. Na ce mata useko, na gode, na haɗiye sauran.

Nana ta fara tafiya sai ga Lukmanu ya dawo Garwa gaba ɗaya. Ya yi faɗi, ya tara gemu, amma dariyar nan tana nan. Saƙonsa na farko a waya, da gaisuwar Fulatanci ya fara, har yau ban goge ba: "Jam na, Amatu? An ce har yanzu kina tsoron dorina." Na karanta ya fi a ƙirga kafin in amsa, "Jam. An ce har yanzu ba ka iya sallama ba in za ka yi tafiya." Ya turo saƙon murya yana dariya, ya ce ya karɓi laifinsa. Daga nan fa wayata ba ta ƙara hutawa ba. Ina tsakar wanke-wanke ta yi ƙara, in goge hannu a zane in ruga, Dada tana harara ta tana murmushi a ɓoye.

Abin da ya ɗaure ni shi ne, Goggo Hindu ce ta fi kowa murna. Lukmanu shi kaɗai ne namiji a wurinta. Ta shigo gidanmu tana guɗa ta ce wa Dada, "Ni na wanke yarinyar nan, na san ƙugunta, na san nononta. Wannan ce za ta cika mini gida da jikoki, kuma duk ni zan gasa ta!" Dada ta yi dariya. Ni kuwa na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Na koma eko da fatan a ce na warke in huta. Dokta Diane ta daɗe tana kallon allon. Ta ce, "Ta farfaɗo, amma ba ta kai ba. Da magani za ki rayu, ki yi aiki, ki yi aure ma. Ciki ne ban yarda ba. Ba yanzu ba, kuma ba zan yi miki alkawarin wata rana ba."

Na dawo na tarar da Dada ta baje kayan da Lukmanu ya aiko na toshi a kan tabarma: lafaya ruwan zuma daga Kuseri mai ƙananan furanni, kwalbar humra, turaren wuta a gwangwani, da takalmi mai igiya. Na gaya mata abin da likita ta ce. Ba ta ko ɗago ba, ninkin lafaya take yi.

"Likita ba Allah ba ce."

"Dada, zan gaya masa."

"Ki gaya masa me? Amatu, ki rufa mana asiri! A ɗaura tukuna, in ya so daga baya a san abin yi. Sau nawa mace take samun wanda take so har ya dawo mata?"

Baba yana gefe yana wasa wuƙa. Ya ce, "Mu dai a mayanka, in dabba tana da aibi ana faɗa."

"Au, 'yar taka ce dabbar?"

Baba ya ci gaba da washi. Amma ya dube ni sau ɗaya, na gane.

Na rubuta wa Lukmanu, "Ka zo bayan la'asar, magana ce." Ya amsa, "Kin tsorata ni. Ina zuwa." Na yi wanka na sa atamfata shuɗiya, na ja kwalli. Ta kan katanga ina ganin hayaƙi yana tashi daga gidansu, don ƙanwarsa Balkisu ta haihu ta zo wankan gida. Tun ranar suna Dada ta hana ni shiga, wai hayaƙi yana sa ni tari. Ƙamshin darbejiya ya biyo iska, sai da idona ya kawo ruwa.

Ya zo cikin farar shadda ya zauna a zaure. Ban yi kwana-kwana ba. Na gaya masa eko, na gaya masa Denise, na gaya masa kanwa da gadon wuta, na gaya masa wataƙila Nana ce ta farko kuma ta ƙarshe. Ina magana ina kallon tabarma. Da na tsaya sai ya dube ni.

"Kin gama?" ya ce.

"Na gama."

"To ni ma ki ji. Na bar ki sau ɗaya, na ga yadda duniya take babu ke. Ba jikoki na dawo nema ba, Amatu. Nana ta ishe ni."

Jama'a, na yi kuka har da majina, kwallin duk ya zubo. Ya miƙo mini hankicinsa yana cewa sarauniyar kuka ba ta sauka daga mulki ba. Sannan ya gyara zama, muryarsa ta sauka.

"Abu ɗaya nake roƙo. Kada Inna ta ji. Wankan nan shi ne rayuwarta, da shi ta rene mu bayan rasuwar babanmu. In aka ce mata hannunta ya cuci mutum, ba za ta yafe wa wanda ya faɗa ba. Ni kuma ba zan iya aure babu albarkarta ba. In shekaru suka tafi, sai mu ce Allah bai kawo ba."

Na ce na yarda. Wallahi da sauri na faɗa, ko tunani ban yi ba. Ga Lukmanu a hannuna, me kuma nake nema?

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Bari in leƙa kasuwa kafin a tashi, Inna ta aike ni kanwa. Wai sanyi ya shigi Balkisu, ƙafafunta sun yi suntum."

Na tuna nawa ƙafafun, na tare shi da tambaya.

"Tana iya kwanciya?"

"Ina fa. A zaune take kwana, wai in ta miƙe kamar an danne ta." Yana faɗa yana kallona, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

"Yaya Lukmanu, a kai ta lopital yau."

"Inna ba za ta bar mai ɗanyen jiki ta taka waje kafin arba'in ba, kin sani. Sai an ba ta dalili." Ya shafa kai. "Ki ba ni lokaci, zan lallaɓa ta. Zan ce awon jariri ne, zan san dabara. Gobe, ko jibi."

"Yau da yamma akwai wanka. Akwai kunu."

"Amatu, don Allah. Yanzu fa kika yi mini alkawari."

Na dube shi. Ina son mutumin nan, Allah ya sani, ina sonsa har cikin ƙashina. Na ja mayafina na fita ta gabansa. Dada ta biyo ni da kira tun daga tsakar gida, ban juya ba.

Gidansu yana nan yadda na san shi. Baƙar tukunyar tana kan murhu tana tafasa, ganye a jiƙe a gefe. Balkisu tana jingine da bango a kan tabarma, fuskarta ta cika ta yi sheƙi, kafaɗunta suna hawa suna sauka, jaririn yana gefenta. Ƙwaryar kunu tana hannunta ta kasa kai wa baki. Goggo Hindu ta gan ni ta washe baki, ludayi a hannu.

"Lale da amaryata! Yauwa, gara da kika zo. Zo ki gaya wa raguwar nan yadda kanwata ta tashe ki, ta ƙi sha tun ɗazu."

Na durƙusa na gaishe ta yadda aka koya mini. Sannan na karɓi ƙwaryar daga hannun Balkisu na ajiye ta nesa.

"Goggo, ki gafarce ni. Ba sanyi ne ya kwantar da ni ba, zuciyata ce ta kumbura. Likita ta ce kanwa da zafin nan su suka ƙara mata nauyi, saura kaɗan in tafi. Har yau ban warke ba, an hana ni haihuwa. Abin da na ji a jikina shi nake gani a jikin Balkisu."

Ludayin ya tsaya a sama. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kalli ƙafafun 'yarta, ta sunkuya ta danna da babban yatsa. Ramin ya zauna. Ta ɗago ta dubi bayana, inda Lukmanu yake tsaye a bakin ƙofa.

"Kai, ka san da wannan?"

"Yanzu na sani, Inna."

Ta ajiye ludayin a hankali. Ta janye itacen daga murhu ɗaya bayan ɗaya, ta yayyafa musu ruwa. Da ta yi magana, muryarta ba ta rawa ko kaɗan.

"Ɗauki ƙanwarka ka kai ta. In likita ta faɗi abin da yarinyar nan ta faɗa, ni da hannuna zan fasa tukunyar nan." Ta juyo gare ni, idanunta sun yi ja. "Ke kuma, kin zauna kina kallona ina yawo gida gida da kanwa, ke da uwarki kuna ce mini useko. Ko likita ta faɗa ko ba ta faɗa ba, akwatunan da ke ɗakina ba za su shiga gidanku ba."

Lukmanu ya sunkuya ya ɗauki Balkisu cak. Ya wuce ta gabana da ita a hannu, har gefen shaddarsa ya shafi kafaɗata, bai dube ni ba. Ni na ɗauki jaririn na bi bayansu.